Sai Ran Kasuwa

Wanda ya ba mu aron Baba ya karɓi abinsa ana gobe kasuwar Tambuwal, da hantsi, a kan tabarmarsa ta kaba, cikin ɗakin da ya gina da hannunsa. Can muka fito, can za mu koma, babu mai ja da wannan. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Kafin la'asar zauren gidanmu ya cika, mutane sun malala har gindin dogon yaron da ke ƙofar gida.

Baffa, ƙanen Baba, shi ne ke karɓar gaisuwa. Duk wanda ya durƙusa gabansa sai Baffa ya ce masa, "Mutum ya tahi da hankalinai. Bai taɓa yarda anka cuce shi ba, ko sau guda." Liman ya ce kwana ne ya ƙare, kuma in ya ƙare ba likitan da zai ƙara masa ko minti. Daga cikin gida muna jiyo Goggo, yayar Baba, tana kuka tana tambayar wa zai riƙe gidan nan yanzu. Inna kuwa, mahaifiyarmu, ba ta yi kuka a gaban kowa ba, tana zaune da carbi tana kallon bango.

Sai wani dillalin shanu, mutumin wajen Jabo, ya gyara murya a tsakiyar zauren. Ya nuna ni da hannu ya ce, "Jama'a, ku shaida. Kwana ukku nika zamne gindin iccen ga, Malam ko kallona bai yi ba. Wallahi ɗan ubanai ne." Zaure ya ɗauka, haka ne, haka ne, Allah ya yi albarka, biyayya ta yi. Na sunkuyar da kai. Suka ɗauka kunyar yabo ce ta kama ni, alhali ba ita ba ce.

Ni ne ɗan Baba na biyu, malamin firamare a Tambuwal, shi ya sa ake ce mini Malam. Ƙauyenmu yana ta ɓangaren Kebbe, inda hanya ke zama kogi da damina. Na zauna rubuta wannan don kada a manta da Baba. Ina kuma so a tuna shi yadda yake, domin abin da aka faɗa a zauren nan gaskiya ne, amma rabinta ne.

Baba gajere ne, siriri, mai saurin tafiya kamar ana binsa. Da ya dawo daga sallar asuba ba ya shiga gaida kowa sai ya fara biyawa ta wajen shanu. Zai duba idonsu, ya shafa tozo, ya tsuguna ya kalli kashin da suka yi. Inna takan ce da ita saniya ce da an fi tambayar lafiyarta a gidan nan. Shi kuma ya ce, "Ke ai kina da baki, in wani wuri na maki ciwo kya faɗi." Goro guda yakan yi masa kwana biyu. Hularsa ta kasuwa ta girme ni. In ya ga na zo da sabon takalmi sai ya dube shi ya dube ni, ya tambaya ko tsohon ɓarawo ya ɗauke.

A bayan gidanmu akwai fili inda ake ɗaure dabbobi, kuma duk dabbar da ta bar gidan Baba ba ya tuge turkenta. Turakun suna nan a jere, sun yi baƙi, gara ta ci wasu. In baƙo ya zo, bayan an sha fura, sai Baba ya zaga da shi wurin kamar mai nuna gona. Ba ya kiran turke da sunan dabbar, da sunan ciwon da ya cinye ta yake kiransa.

"Wanga na ƙyanda ne, shekarar da tak kama ɗiya ukku lokaci guda. Wanga amai da gudawa. Waɗanga biyu masassarar damina ce, tumaki ne. Wancan babban, tarin Goggonsu."

Baƙo ya yi ta Allah ya kyauta, Baba kuma ya ce, "Ciwo mutum guda shika kamawa, amma gidan duka ka biya." Ya san abin da yake faɗa. A wajenmu rashin lafiya ba ta tsaya a kuɗin allura ba. Akwai motar da za a ɗauko, akwai wanda zai bar gona ya zauna jinya, akwai abincin da za a riƙa saye a gari alhali ga gero a rumbu. In ciwon ya faɗo lokacin shuka, to gonar ma ta kamu, sai an zo kaka a ga abin da ya ci.

Kada a ce Baba ba shi da tausayi. Yana da shi, sai dai a hannu yake, ba ya fitowa ta baki. Duk damina, in ya ji maƙwabci na kwance, ba ya zuwa dubiya da lemo ko madara. Da safe zai ɗaura wa shanunsa karkiya, ya wuce gonarsa, ya shiga ta mai jinyar ya huɗe ta tas. Akwai shekarar da ya huɗe gonar wata bazawara da ɗanta ke fama da tari, tamu ta makara har gero ya fito a tsaitsaye. Da matar ta zo godiya da 'yar kazarta, sai ya kore ta da faɗa, wai ta mayar ta yi wa ɗanta romo, shi bai ce yana jin yunwa ba. Jikokinsa mata kuwa duk amarensa ne. Yakan ce wa ƙaramar cikinsu tuwonta ba daɗi, zai sake ta, ita kuma ta ce dama ba ta son tsoho marar haƙora.

Amma yana da doka guda da ba ta lanƙwasuwa: ba a sayar da dabba a ƙofar gida.

Wanda bai zauna ƙauye ba sai an yi masa bayani. Akwai dillalan da sana'arsu ke nan, bin gidajen marasa lafiya. Ban san wa ke kai musu labari ba. Da an ji nishi a gida, kafin malamin asibiti ya iso sun iso. Za su yi sallama cikin ladabi, su yi ya mai jiki, su nemi inuwa su zauna. Ba sa taya komai, jira suke yi. Sun san kasuwa sai bayan kwanaki, sun san mai ciwo ba ya jira. Idan hankalin maigida ya gama tashi ya fito da kansa, sai su ba shi rabin kuɗin sansa, wani lokaci ma bai kai ba, su ƙara da cewa don Allah suka yi. Ran kasuwa su kai kara, inda ake cinikin shanu, su sayar da cikakken farashi.

Baba ya tsane su tun yana saurayi, kuma yana da dalili. Mahaifinsa ya kwanta wata damina, aka yi ta fitar da shanu ɗaya bayan ɗaya a ƙofar gida, har garken ya ƙare. Tsohon bai tashi ba. Baba da Baffa suka wayi gari ba uba, ba sa, suka shekara goma suna ƙwadago a gonakin mutanen da a da suke gaishe su da girma. Ya sha ba mu labarin ranar da ya ga san gidansu a kara, dillalin na rantsuwa shi ya rene shi tun yana maraƙi. Daga ranar ya ɗauki alkawari. Duk turken da ke bayan gidanmu, dabbarsa a kasuwa aka sayar da ita, da rana tsaka, a kan farashinta. Wannan ne abin alfaharinsa a duniya.

Shekara bakwai ke nan da dokar ta hau kan Yaya.

Yaya shi ne babbanmu, shi ne ƙarfin gonar. Ni an sa ni boko, shi aka ba shi garma, kuma bai taɓa nuna mini ya ji haushi ba. Shi ke kawo mini gero Tambuwal a bayan keke lokacin ina karatu. Da bazara, ana tsananin zafin nan da ke zuwa kafin ruwa, sanƙarau ya shigo yankinmu. Yaya ya dawo daga sharar gona da ciwon kai, washegari wuyansa ya ƙi juyawa. Ni a lokacin sabon ɗauka ne, ko albashin farko ban gani ba. Aka aiko mini, na hau kabu-kabu na taho.

Na tarar da dillalai biyu a gindin dogon yaro. Na tarar da Yaya a kwance, kansa ya tanƙware baya, haske ma ba ya so. Matarsa tana tsugune tana jiƙa zane tana shafa masa, ga ciki wata bakwai. Malamin asibitin ƙauyenmu ya riga ya zo ya yi abin da zai iya, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a kai shi gari yau ɗin nan. Shanun huɗa biyu kaɗai suka rage mana. Kasuwa saura kwana uku.

Na sami Baba yana ba shanun harawa. Na ce, "Baba, a kira mutanen nan su ɗauki guda. Ko rabin ne ya isa a fara."

Bai juyo ba. Ya ce, "Sai ran kasuwa."

"Baba, malamin asibiti ya ce yau."

"Na ji abin da yac ce. In nib ba su sa a rabin kuɗi, asibiti ta cinye, da mi za mu huɗa bana? Sa guda na jan garma? In nik kai shi kara, a yi magani, a samu canjin da za a sawo ɗan ƙarami a haɗa. Ɗiyanai za su ci tuwo baɗi ko ba za su ci ba?"

"In ya mutu fa?"

"In kwananai ya ƙare, ko garke nis saida ba shi tashi. Na gani ga ubana."

Ranar na ɗaga wa mahaifina murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce masa sa ya fi ɗansa daraja a wurinsa. Na ce Allah zai tambaye shi. Ya ajiye harawar, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Kai mai albashi, kawo naka mu gani." Ba ni da ko sisi, ya kuma san haka. Na fita na zaga dangi, kowa na fama da nasa mai jinyar. Matar Yaya ta fito da kanta, ta durƙusa nesa da shi kamar yadda suruka ke yi, fuskarta a rufe da mayafi. Ba ta taɓa yi masa doguwar magana ba sai ranar. Ta ce, "Baba, don Allah." Ya ce mata, "Tashi, ɗiyata. Sai ran kasuwa."

Ran kasuwa ni na ja san zuwa kara, Baba na gaba da hularsa. Ya yi ciniki kamar ba abin da ke jiransa a gida. An taya, ya ce albarka. An ƙara, ya ce albarka. Ina tsaye rana na dukana, ina ji kamar in fizge igiyar in miƙa wa duk wanda ya fara miƙo hannu. Sai bayan azahar ya sallama, a kan farashin da har yau dillalai ke ba da labarinsa. Muka ɗauko mota daga nan muka nufi gida. Tun daga nesa na hango mutane a ƙofar gidanmu, sun yi sahu.

Yaya ya riga ya cika. Ba don liman ya ce a jira uban ba, da ba a ko jira mu ba.

Kasuwa na zagayowa Baba ya koma kara da kuɗin nan, yadda aka ba shi su, ya sayo wani farin sa mai faɗin ƙirji. Ya ɗaure shi a turken wanda aka sayar. Muna ce masa Fari. Don haka a duk jerin turakun Baba babu na sanƙarau. Ciwon Yaya ne kaɗai bai ci dabbar gidanmu ba, kuma na taɓa jin Baba da kunnena yana gaya wa wani baƙo haka, ba tare da ya ambaci Yaya ba.

Na yi wata shida ban taka ƙauyen ba. Da na koma, Inna ce ta roƙe ni. Muka ci gaba da gaisawa ni da Baba, ina durƙusawa, yana amsawa, amma maganar ba ta wuce ruwa da gona. Matar Yaya ba ta sake aure ba, ta zauna da 'ya'yanta huɗu a gidan. Ita ke kai wa Fari dusa da ruwa kullum, domin aikin ya faɗo kanta. Ban taɓa ganin ta ɗaga ido ta dube shi ba, takan ajiye bokitin ta juya.

Dole in faɗi wannan ma, don hakki ne. Marayun nan ba su taɓa kwana da yunwa ba. Gidaje uku na sani a ƙauyenmu da suka sayar a ƙofar gida a shekarar sanƙarau. Biyu sun rasa majinyatan duk da haka, ɗaya ya tashi kurma. Yau gonakinsu na hannun wasu, mazansu na kudu suna tura baro. Mu rumbunmu bai taɓa zama fanko ba. Baba yakan fara zuba wa 'ya'yan Yaya nama kafin ya ci. Wata rana da damina na je gona ban sanar ba, na hango shi tsaye a gefen da Yaya ya saba farawa, ya kifa goshinsa a tozon Fari, kafaɗunsa na rawa. Da ya ji motsina sai ya goge fuska da hula ya ce gumi ne, ya tambaye ni ko makarantar an rufe ta ne nake yawo. Na so in tausaya masa a ranar. Na nemi tausayin a zuciyata ban same shi ba.

Bana, da hadari ya fara haɗuwa ana gyaran garma, Baba ya kama zazzaɓi. Ya ɓoye kusan mako biyu, yana shan jiƙe-jiƙe, yana cewa rana ce. Sai da cikinsa ya kumbura ya yi tauri, ya kasa miƙewa, sannan Inna ta aiko. Na zo a kabu-kabu, domin babur ɗina ya tafi tun bara a jinyar matata da 'yarmu, keken ɗinkinta ma ya bi shi. Albashin watan kuwa ya riga ya zama shinkafa da kuɗin haya.

Malamin asibitin, wanda dai ya duba Yaya, ya ja ni gefe. Ya ce taifot ne, kuma yana jin ya huda hanji. Aiki za a yi masa, a gari, kuma kowace sa'a tana da muhimmanci. Na tambaye shi ko rabin kuɗin Fari zai isa mota da aikin. Ya yi lissafi, ya ce zai isa da ƙyar. Kasuwa saura kwana huɗu. Da na leƙa waje, dillalin nan na Jabo ya riga ya shimfiɗa buzunsa a gindin dogon yaro.

Na shiga wurin Baba. Ya rame, idanunsa sun faɗa, amma muryar tana nan. Kafin in buɗe baki ya ce, "Na san wa ke waje. In kas saida Fari bakin ƙofa, ban yahe maka ba, duniya da lahira. Ruwa na bisa hanya. Marayun ga da mi za su huɗa?"

Na daɗe ina kallonsa. Shekara bakwai da suka wuce na yi ihu, na yi kuka, na zaga gari. Yanzu ni ne babba a gidan, igiyar tana hannuna, ba mai iya hana ni. Da na fita na sallama wa dillalin, Baffa zai goyi bayana, liman zai ce ceton rai ya fi, Baba zai yi fushi ya huce ko kada ya huce. Duk na san wannan. Sai na ji bakina ya ce, a hankali, da irin muryarsa, "To, Baba. Sai ran kasuwa."

Ya gyaɗa kai ya rufe ido. Inna ta dube ni.

Rana ta biyu zafin ya ƙaru. Baba, mutumin da ƙaho ya taɓa tsaga masa cinya bai ce uffan ba, ya riƙa nishi har ana ji a zaure. Malamin asibiti ya dawo ya sa masa ruwa, ya ce mini, "Malam, mi kaka jira?" Na ce umarnin mahaifi ne. Ya kalle ni, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Na gaya wa kaina biyayya nake yi. Na gaya wa kaina don marayu ne, kuma akwai gaskiya a ciki, domin in Fari ya tafi a rabin kuɗi babu huɗa bana. Amma duk lokacin da na ji nishin Baba, wuyan Yaya nake gani a tanƙware, kuma wani abu mai sanyi yakan kwanta mini a ƙirji. Ba zan ɓoye sunansa ba. Daɗi ne, ɗan kaɗan, mai ɗaci.

Rana ta uku bayan la'asar ina zaune kusa da kansa ina kore masa ƙuda. Matar Yaya ta shigo da kunu, ta tsaya daga bakin ƙofa. Baba ya buɗe ido, ya laluba ya kama hannuna. Tun ina ƙarami bai riƙe hannuna ba. Tafinsa zafi kamar an ɗauko daga murhu. Ya kira ni da sunan da yake kirana kafin in zama Malam, sannan ya ce, can ƙasa-ƙasa, "Mutumin nan na waje, shina nan?"

Na san muryar Baba ta umarni, na san ta ciniki, na san ta faɗa. Wannan ban taɓa jin ta ba. Muryar mai jin tsoro ce. Ba tambaya yake yi don ya tabbatar an kore shi ba. So yake in ce yana nan, in tashi in fita in sallama, ba tare da shi ya furta da bakinsa cewa a karya dokar ba. Tsohon nan yana son ya rayu, girman kai ne ya hana shi faɗa kai tsaye, ya miƙo mini hanyar da zan cece shi in kuma rufa masa asiri. Daga inda nake zaune, ta tagar ɗakin, ina hango gefen buzun dillalin da takalmansa.

Na ce, "Ya tahi, Baba."

Ya ɗan jima yana kallona. Sannan ya saki hannuna, ya juya fuskarsa bango. Ya ce, "Madalla." Ita ce kalmar ƙarshe da ya yi mini. Washegari da hantsi ya cika, Inna na tofa masa addu'a.

To, wannan shi ne ɗan da aka yaba a zaure.

Ran sadakar uku aka yi ruwan farko, mai ƙarfi, har ya kori masu zaman makoki cikin zaure. Baffa ya ce Allah ya karɓi baƙonsa, ga alama nan. Kwana biyu bayan haka ƙasa ta yi daidai, na fito da karkiya da safe, domin babu wani namijin da zai fito da ita. Na tarar da matar Yaya a wajen turaku da bokitinta. A karon farko na ga ta tsaya tana kallon Fari yana shan ruwa. Ba ta juyo ba ta ce, "Malam."

Na ce, "Na'am, Yaya." Haka nake kiranta tun rasuwar mijinta.

"Ran nan ina bakin ƙofa da kunu. Na ji abin da yat tambaye ka, na ji abin da kac ce mai." Ta ɗauke wani kara daga cikin ruwan ta yar. "Ni ma na ga mutumin. Ta gabanai nib biyo da nid ɗebo ruwa. Da na yi magana da ka tashi."

Na ajiye karkiyar a ƙasa.

Ta ce, "Ban yi ba." Ta ɗauki bokitinta ta shige gida.

Mun huɗe gonar cikin kwana huɗu. Gero ya fito da kyau, kowa ya wuce sai ya yaba. Shanun suna nan su biyu, sun yi ƙiba, kuma a bayan gidanmu babu turken taifot kamar yadda babu na sanƙarau. Marayun Yaya za su ci tuwo baɗi, kamar yadda Baba ya so. Lissafinsa ya fita daidai, sau biyu.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa abin da ya yi da saninsa da wanda ya yi cikin tsoron talauci, ya saka masa da gonakin da ya huɗe wa marasa lafiya ba wanda ya roƙe shi. Allah ya haɗa shi da Yaya a inda babu ciwo, su daidaita tsakaninsu. Ku da kuka karanta, in kun yi masa addu'a ku saka ni a ciki, don na fi shi bukata. Shi sa guda ya hana ɗansa, yana ganin gida yake ceta. Ni abin da ya roƙa a wurina kalma biyu ce, yana nan, kuma ina kallon takalman mutumin na hana shi.